DUSAR DA TA ISO BAYAN SANIYA TA KWANTA



Kwanan baya aka kira mu taron faɗakarwa a babban garin gundumarmu. Wani foroje ne ya shirya shi, ba sai mun faɗi sunansa ba, don irinsa suna da yawa. Aka ce kowace ƙungiya ta aiko mutum biyu. Muka bar bisashe a hannun yara muka zo. Batun taron shi ne yadda kowane gida zai yi shiri tun kafin bala'i ya sauka. Aka raba mana takarda mai hotuna. An zana jaka ɗaya a rataye bayan ƙofa, a cikinta akwai tocila, da rediyo, da ashana, da magunguna, da ruwan sha da abincin kwana uku, da takardun gida a cikin leda. Sannan wani saurayi mai tsabtatacciyar riga ya tashi ya ce babbar matsalar makiyayi ita ce bai san tanadi ba, yau kaɗai ya sani, shi ya sa duk shekarar da aka yi fari sai ka gan shi a gari yana bara. Aka tafa masa. Wani dattijo daga cikinmu ya ɗaga hannu ya ce, ɗana, bayan wace ƙofa za mu rataye jakar? Aka yi dariya, aka wuce zuwa cin abinci. To, mu ba mu yi dariya ba, kuma tun da ba a ba mu lokacin magana a can ba, ga amsarmu a nan.

Da farko ba mu ce takardar banza ce ba. Duk wanda ya ga damanar 2024 ya san ruwa ba ya sallama. A wannan shekara ambaliya ta kashe kusan mutum 400 a Nijar, ta shafi fiye da mutum miliyon ɗaya, garin Maraɗi ya ga abin da bai taɓa zato ba, tsohon masallacin birnin Damagaram ya rushe a farkon watan Satumba, har aka ɗaga komawar yara makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Mutumin gari da ruwa ya shiga ɗakinsa tsakar dare, tocila da takardu cikin leda za su yi masa rana. Amma wanda ya rubuta takardar nan yana tunanin bala'in kwana uku ne, wanda bayansa motar agaji za ta zo. Namu bala'in wata tara yake yi. Yana farawa ranar da ciyawa ta bushe da ƙishi a watan Satumba, ba ya ƙarewa sai sabuwar ciyawa ta kai a kama da baki a watan Yuli. Kuma ba bakin mutane kaɗai muke ciyarwa ba.

Bari mu yi wa saurayin nan lissafi da ma'aunin ma'aikatar kiwo ita kanta, kada ya ce zancen jahilai ne. Masanan kiwo sun ce saniya mai nauyin kilo 250 tana bukatar busasshiyar ciyawa kilo 6 da kwata kowace rana. Su ne kuma suke lissafa rani kwana 270. In ka haɗa, saniya ɗaya tana cin kusan ton ɗaya da kilo 700 kafin damana ta dawo. Mai shanu 30, wanda a cikinmu ba a ce masa mai arziki, yana bukatar sama da ton 50. Wace jaka ce za ta ɗauki wannan? Wane rumbu? Wane jaki zai ja shi in an tashi?

Rumbun makiyayi yana tsaye ne a daji. Ciyawar da muka tsallake a kaka ba mu bari aka ci ba, ita ce ajiyarmu ta bazara. Hanyar da kakanninmu suka bi zuwa kudu in arewa ta ƙi, ita ma ajiya ce. Tun kafin a haifi kakan wanda ya zana jakar nan, iyayenmu suna aika garso ya yi kwana da kwanaki yana duba ciyawa da ruwa kafin a ɗaga mashekari. Suna raba garke biyu, wani ya yi gabas wani ya yi kudu, don kada masifa ɗaya ta cinye duka. Suna haɗa shanu da tumaki da awaki da raƙuma, saboda sun san abin da ya kada saniya ba ya kada akuya. Suna ba ɗan uwa karsana haɓɓanaye, ya riƙe ta har ta haihu, 'ya'yan su zama nasa, uwar ta dawo gida, wanda ya rasa ya sake tashi, wanda ya bayar kuma yana da abin komawa in nasa garken ya hallaka. Suna kai bisashe lasar gishiri a ƙasar Ingal a ƙarshen damana don su shiga rani da ƙarfinsu. In wannan duka ba tanadi ba ne, to a gaya mana sunansa.

Tambayar da ya kamata a yi a taron ita ce: wa ya fasa rumbun nan?

Ku fita kan kowace hanya da ke shiga manyan garuruwa daga watan Nuwamba, ku ƙirga amalanke da kamyo ɗauke da ciyawa. Daga ina aka kwaso ta? Daga makiyayarmu. Ana sa manjagara a share daji tas, har da ƙwayar da za ta tsiro baɗi, a jibge a gari, a jira watan Mayu, sannan a sayar mana da ciyawarmu dami dami a kan kuɗin da ya fi ƙarfinmu. Alhali akwai doka. Dokar kiwo ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta hana kwasar ciyawa a mashekari da kewayensa, ta hana fitar da ita ƙasashen waje, ta ce mai kwasa don sayarwa sai ya samu izinin magajin gari. Wannan doka ta kuma amince cewa tafiya da bisashe haƙƙi ne na makiyayi. Mun sha wahala kafin a sa mata hannu, shekaru ana kai da kawo. To, mu dai a yankinmu ba mu taɓa ganin an tsayar da kamyo ɗaya an tambayi mai shi takardar izini ba. Haka dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa: wanda ya san Tarka a da, ya je yau ya ga inda gonaki suka kai. Ba mu zargin talakan manomi da yunwa ta koro, shi ma neman abin sa wa a baki yake. Muna magana ne a kan mai kuɗin da ya zagaye daji da waya, ya haƙa rijiyarsa, ya sa mai gadi da bindiga, da kuma wanda ya sa masa hannu a takarda.

Sai hanya. Iyayenmu har yau ba su daina ba da labarin 1984 ba, shekarar da ake kira El Buhari, saboda fari ya haɗu da rufe iyakar Nijeriya, wanda ya saba tsallakawa kudu ya tarar da ƙofa a rufe. Muka ɗauka an yi hankali. A 1998 ƙasashen yammacin Afirka suka yi yarjejeniyar ƙetara iyaka da bisashe, aka fito da takardar shaida, muka yi murna. Amma a 2017 jahar Binuwai ta Nijeriya ta kafa dokar hana kiwon sake, a ƙarshen 2019 ƙasar Benin ta hana shigar bisashen waje, a 2023 bayan juyin mulki aka rufe iyakoki, a watan Janairu 2025 kuma Nijar ta fita daga ƙungiyar da ta yi waccan yarjejeniya. Inda hukuma ba ta rufe ba, 'yan bindiga sun rufe, wanda ya bi dajin ya dawo da sandarsa kawai, in ma ya dawo. An ɗaure wa mutum ƙafa, sannan a ce me ya sa bai gudu ba.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi ci mana rai, wato lokaci.

Fari ba ɓarawo ba ne da zai shigo da dare. Kowace shekara a ƙarshen damana ma'aikatan kiwo suna fita daji su yanki ciyawa su auna, su rubuta abin da aka samu da abin da bisashen ƙasa ke bukata. Kafin ƙarshen shekara lissafin yana kan teburin manya a Yamai. A Yamai ɗin nan ne kuma cibiyar AGRHYMET take, wadda aka kafa a 1974 saboda farin da ya gabata, aikinta duba damana da ciyawa tun daga sama. Akwai tsarin gargaɗin gaggawa tun 1989. Ashe ba rashin sani ba ne. A ƙarshen damanar 2009 an auna an ga giɓin ciyawa ya wuce ton miliyon 16. An sani tun a kaka. Amma lokacin hankalin masu mulki yana kan tazarce, kuma maganar yunwa ba a son ta, kamar yadda a 2005 shugaba Tandja ya musa cewa akwai yunwa a ƙasa. Sai bayan juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010 hukuma ta fito fili ta nemi agaji. Kafin a yi taro, a rubuta takardu, a ba 'yan kasuwa kwangila, a loda motoci, bazara ta ci rabinta.

Mu da ke rubuta wannan muna bakin rijiya a shekarar. Mun ga saniyar da a kaka za ta sayi buhun hatsi da dama, a watan Yuni an kai ta kasuwa a kan amalanke, kuɗinta bai kai na buhu ɗaya ba. Mun ga mahauta suna yawo mashekari mashekari suna taya saniya da kuɗin fatarta. Mun ga magidanta huɗu suna sa itace ƙarƙashin cikin saniya kowace safiya su ɗaga ta ta tsaya, in ta sake kwanciya shi ke nan. Dusar da aka yi mana alkawari ta iso yankinmu bayan an fara yayyafi, lokacin da hanya ta ɓaci, masu garke sun watse neman tsiro, waɗanda za su ci ta kuma da yawa sun riga sun zama mushe. Abin da mutumin gari bai sani ba shi ne, ruwan farko shi ne ke ƙarasa ramammiyar dabba. Sanyi ya kama ta ba kitse a jikinta, taɓo ya riƙe ƙafarta ba ta da ƙarfin zarewa, ta ci ɗanyen tsiro haɗe da yashi cikinta ya lalace. A damanar 2010 an yi ruwa mai ƙarfi, bisashen da suka tsira daga fari da yawa a cikin ruwa suka mutu. Fari da ambaliya a wurinmu wa da ƙane ne.

Ko da dusar ta zo a kan lokaci, wa ke samu? Ana ajiye ta a babban gari, tafiyar kwana biyu ko uku daga inda garke yake. Ana rubuta sunaye ta hannun mai gari, mu kuwa ba mu cikin garin, wani lokaci ma ba mu cikin gundumar da muke biyan haraji. Mai kiwon raguna biyar a bayan ɗaki don babbar salla yana kusa da sito, ya san mai riƙe da mabuɗi, shi ne farkon layi. Bayan kwana biyu sai ka ga buhun nan mai tambarin rahusa a shagon kasuwa, an ninka kuɗinsa.

Amma 'yan uwa, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Da mun tsaya a nan da mun yi rabin gaskiya. Akwai wuri ɗaya da maganar saurayin nan ta taɓa mu, kuma gara mu faɗa da bakinmu. Ba mu son sayarwa. A watan Oktoba garso ya dawo ya ce ciyawa ba za ta kai ba, bajimi yana da ƙiba, hatsi yana da araha, sai magidanci ya ce a bari a gani. Me za a gani? Kunyar a ce wane ya rage garke ita ce ta talauta gidaje da yawa a 2005 da 2010. Wanda ya sayar da bijimai biyu da tsofaffin shanu uku a kaka aka yi masa dariya, shi ne ya fita da iri. Wanda ya ce ba zai taɓa ko ɗaya ba, mun san inda yake, yana gadin gidan wani a birni. Kuma akwai bankunan abincin bisashe da aka kafa mana, aka zuba jari, kwamiti na cikinmu ya raba wa dangi bashi, ba a biya ba, yau sito ne babu komi sai jemagu. Wannan ba hukuma ta yi mana ba.

To, tun da an ce a faɗi abin da gida zai tanada, ga namu, na gidan da ba shi da ƙofa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hatsi a saye shi a kaka, da kuɗin dabbar da aka sayar tana da nama. Buhu mai kilo 100 tiya 40 ne, gidan da ke cin tiya biyu a rana zai cinye shi cikin kwana 20, wata uku na tsananin bazara kuwa yana bukatar kusan buhu biyar. Kada a tara shi wuri ɗaya, a bar wani wurin amini a garin da ake cin kasuwa, wani a kan hanyar da ake sa ran bi. Dusa da gurya kada mutum ya yi mafarkin ciyar da garke duka, ba zai iya ba. Ya zaɓi iri: shanun tatsa, da karsanan da yake sa rai a kansu, da takarkari da jakan da ke ɗaukar kaya da jan ruwa, don in jaki ya faɗi gida duka ya tsaya. Saniya biyar, kowace kilo ɗaya a rana, kwana 90, buhu tara ke nan mai kilo 50. A ɗora buhunan a kan itace kada su taɓa ƙasa, gara da laima ba su da tausayi. A fara bayarwa tun dabba tana tsaye, kaɗan kaɗan, haɗe da kara ko ciyawa, saboda wadda ta daɗe da yunwa in aka cika mata dusa lokaci ɗaya cikinta zai kumbura ta mutu a gabanka. Gurya kuma ba a cika ta ga ƙananan maruƙa. A tanadi gishiri da kanwa, da igiya da guga na biyu, don igiyar rijiya mai gaba talatin in ta tsinke a watan Afrilu ba a samun ta a daji. Allurar rigakafin ciwon huhu da ta ƙananan bisashe a yi ta lokacin da ma'aikata suka fito, kada a ɓoye rabin garke don tsoron ƙirga, cuta ta fi kama dabbar da ta rame, kuma a bakin rijiya garke yana cuɗanya da garke.

A nan za mu karɓi abu ɗaya daga takardar foroje: leda. Katin ɗan ƙasa, da takardun haihuwar yara, da katin allurar bisashe, a naɗe su a leda a sa a cikin kayan uwargida, ita ce ba ta ɓatar da abu. Wanda ba shi da takarda, ko a shingen jandarma ko a layin agaji, shi ne na ƙarshe. Kuɗi kada a ɗaure su duka a ƙugu, kowa ya san halin da daji yake ciki. Kuma idan damana ta kusa, kada a sauka a cikin kwari ko gindin ƙorama don sanyin inuwa. Ruwan da aka yi a nesa, wanda ko hadarinsa ba ka gani ba, yana iya isowa da dare ya tafi da 'yan maruƙa da turakunsu.

Sannan a tambayi mata. A taron nan babu mace ko ɗaya daga cikinmu, alhali in nono ya ƙafe ita ce ta san yaron da ya fara ramewa, ita ce ta san tiya nawa ta rage. Awakin da magidanci yake rainawa su ne suke riƙe yara da nono lokacin da saniya ta daina. Kada a fara da sayar da su.

Abin da muke nema ga hukuma da masu foroje kaɗan ne, kuma ba sadaka ba ne, da kuɗinmu za mu saya. Da zarar an gama auna ciyawa, a faɗi sakamakon a rediyo gunduma gunduma, da Fulatanci da Buzanci da Hausa da sauran harsunan makiyaya, ba a bar shi da Faransanci a cikin ofis ba, don mutum ya san ko ya sayar ko ya tashi. Dusa ta kasance cikin sito kafin ƙarshen Janairu, kuma sitocin su kasance inda bisashe ke taruwa, kusa da manyan rijiyoyi da kasuwannin bisashe irin na Abalak, Cintabaradan, Barmo, Dakwaro, Tanut da Gure. A rubuta sunaye tare da arɗo da shugabannin ƙungiyoyi, makiyayi ya iya saye a inda fari ya kai shi ko da ba gundumarsa ba ce. A liƙa adadin buhun da ya shigo da wanda ya fita a ƙofar sito kowa ya gani. A share layukan tare gobarar daji tun ciyawa ba ta gama bushewa ba. A tsayar da masu manjagara a tambaye su takardar magajin gari.

Mu kuma a namu ɓangare, kwamitin kowane reshe ya zauna kafin watan Nuwamba ya fita. Kowane magidanci ya zo da adadin shanun da ya zaɓa zai riƙe, da adadin buhun da zai iya biya, mu haɗa kuɗin mu aika mutum uku su sayo dusa a dunƙule tun tana da sauƙi. Wanda bankin reshe yake bi bashi ya zo da kuɗin ko ya zo da tunkiya, za a karanta sunaye a gaban kowa.